Ranar da Tuwon Hannatu Ya Dawo

A Hillar Garba maza ba sa cin abinci cikin gida. In an sallame La'asar sai a shimfiɗa tabarmi gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a yi ciyayya. Maza suna cewa zumunci ne. Mata kuwa sun san jarrabawa ce, don kwano ba ya ƙarya, yadda ya dawo haka hannun mai shi yake.

Shekara talatin da bakwai kwanon Hannatu matar Malam Jibirin yana dawowa kamar an wanke shi. Tuwon dawa take yi, da miyar busasshiyar kuɓewa, da daddawar da take haɗawa da kanta don ba ta yarda da ta kasuwa ba. Har Larabawan da ke zuwa sayen riɗi, waɗanda ba su san komai ba sai kisra, wainarsu ta dawa mai faɗi, in suka sa hannu sau ɗaya sai ka ga cinikinsu ba ya tashi sai dab da La'asar. Hannatu ba ta da zinariya, ba ta je Makka ba, Hajjar da ake ce mata ta girmamawa ce kawai, 'ya'yanta maza biyu suna can Sinnar ba sa aiko komai sai gaisuwa. Sunan nan na kwano shi ne dukiyarta. In ta bi ta layi ma tafiyarta daban ce, tafiyar wadda ba a taɓa mayar wa da tuwo ba.

Sai wata ranar kasuwa kwano ya dawo da rabin malmala. Ta ce zafi ne. Kasuwa ta zagayo, ya dawo da malmala guda cur, sai wani ɗan gurbin yatsa a gefe, irin na wanda ya taɓa don kunya. Ta ɗanɗana miyar, ba abin da ya same ta. Ta sake dawa, ta zagi mai injin niƙa, ta ƙara daddawa. Sauran ranaku kwano fes, ran kasuwa kuwa ya dawo da nauyinsa. Sai ta riƙa zagayawa bayan ɗaki tana juye wa awaki a ɓoye.

Abin da ta manta, katangar da ke tsakaninta da Muhsina gajera ce. Muhsina maƙwabciyarta ce, matar Sa'id mai raƙumi, kuma ita tun tana amarya kwanonta ke dawowa da saura, shi ya sa kajinta suka fi na kowa ƙiba a garin.

"Yaya Hannatu, awakinki sun yi kyau kwanan nan," in ji Muhsina ta kan katanga. "Mi kike ba su?"

"Dusa."

"Dusa har da miya? Allah shi ba mu irin tattalinki."

Hannatu ta ci gaba da kankare kwano kamar ba da ita ake ba. Amma magana ba ta taɓa kwana a cikin Muhsina ba, sai ta ɗora haɓa kan katanga ta sassauta murya.

"Ba hannunki ne ya mutu ba, Yaya, ko da yake haka ake faɗi bakin rijiya. Mat'am ne. Wani Abdulmuttalib ya buɗe gidan abinci a kasuwar Abu Hujar. Duk ran kasuwa can dattawan garin ga suke cika ciki. Nawa, da naki, har Liman Alhasan."

"Malam? Cikin kasuwa? Kamar gwauro?"

"Kan kujera ma, an ce. Da cokali."

Hannatu ta ajiye kwanon. Namiji mai mata ya zauna tsakar kasuwa yana cin abincin saye, ai shela ya yi cewa tukunyar gidansa ta gaza. Muhsina ba ta da asara a ciki, wanda ke ƙasa ba ya faɗuwa. Amma ita?

Da Malam Jibirin ya shigo, ta ajiye masa buta ta ce, "Malam, tuwo yana dawowa."

"Zafi ne, Hajja. Ga kuma shekaru."

"Shekarun ba su zuwa sai ran kasuwa?"

Nan take ya tuna bai duba injin ban ruwa a lambu ba, ya zari takalmi ya fita.

Da kasuwa ta zagayo ta bar shi ya yi gaba da buhun albasarsa. Ta yafa tobinta na biki, ta kama kaji biyu don kada a ce ba abin da ya kai ta, ta tsayar da raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Kafin ta gyara zama Muhsina ta riga ta shige, ba wanda ya gayyace ta.

To shi wannan Abdulmuttalib, shekara tara ya yi yana aikin otal a Habasha, yana kai wa Turawa kwalabe. Ya rantse bai taɓa kurɓa ba, kuma ba mu da shaidar ya yi ƙarya. Amma can ya ga abin da ya tsaya masa a rai: Bature ba ya shan abu da ka, in nama zai ci a kawo masa ja, in kifi ne a kawo fari. Da ya dawo gida ya tuba da kwalabe, amma bai tuba da dokar ba. A mat'am ɗinsa agashe da zoɓo yake tafiya, kayan ciki da tsamiya, kifi kuwa da ruwan ɗiyan kuka, wanda yake damawa da kauri ya yi fari tas. In ka ce zoɓo kake so da kifi, gara ya ɗauke farantin ka tafi da yunwarka. Har kofuna ya zo da su na gilashi masu ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin ruwa. Duk wannan Hannatu ba ta sani ba. Muhsina ma iyakar saninta cokali ne.

Suka sayar da kaji, suka zagaya ta ƙofar baya. Rumfar kwano ce an shafa mata shuɗin fenti, tebur shida, da wani lungu da aka sa wa labule wai wurin mata, wanda tun da aka buɗe ba mai zama ciki sai buhunan gawayi. Nan suka maƙale suna leƙe.

Ga Malam Jibirin kuwa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Liman Alhasan a damansa, Sa'id a hagunsa. Abdulmuttalib, dogo, da farin tawul rataye a hannu cikin wannan zafi, ya rusuna gabansa.

"Ya Shehu, mi ranka yake so yau?"

Malam Jibirin ya dubi rufin kwano, ya shafa gemu, ya yi dogon nazari kamar alƙalin da aka kawo wa rabon gado.

"Kifi," in ji shi daga ƙarshe.

"Ka zaɓa daidai, ya Shehu."

"Shehu," in ji Muhsina cikin raɗa, tana toshe baki da tobi. "Mutumin da ko Tabbat sai Liman ya ja shi."

Aka kawo kifi soyayye. Sannan aka kawo kofi mai ƙafa ɗaya, cike da abu fari mai kauri. Malam Jibirin ya gutsuri kifi ya kai baki, ya kama kofin ta ƙafa da yatsu biyu, ya jujjuya shi a hankali, ya tura hanci ciki, ya lumshe ido.

Muhsina dariya take har tana riƙe buhun gawayi. Hannatu kuwa ba dariya a fuskarta. Fari, mai kauri, kusa da kifi. Nono ne. Duk wanda uwa ta haifa ya san kifi da nono ba sa haɗuwa cikin ciki ɗaya sai kuturta ta biyo baya. Kakarta ta sha ba ta labarin wani masunci da ya yi gardama, ya ƙare yana ɗaukar buta da guiwar hannu. Ita tun da aka kawo ta gidan Malam ba ta taɓa barin kifi da ƙwaryar nono su wuni ɗaki ɗaya ba.

Ba ta san sadda ta fita ba. Labulen ma ya biyo ta, da ƙusarsa da igiyarsa. Kafin kofin ya kai leɓen Malam Jibirin ta mangare shi, ya tashi sama ya sauka kan farar jallabiyar Liman.

"Tofar! Tofar da shi, Malam."

Malam Jibirin ya haɗiye kifin don firgita. Ta cafki hannunsa ta baza yatsun tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ta juya tafin, ta murza masa kunne ta ga ko ya yi kauri.

"Tun yaushe kake sha? Sau nawa? Nan kana ji in na matsa?"

"Hajja, mutane."

"Mutane su za su ɗaura maka wando in yatsun sun zube?" Ta juya kan Abdulmuttalib. "Kai kuma ɗan wa ne? Uwarka ba ta gaya maka ba? Kifi da nono? So kake ka kuturta mana maza kaf, wa za shi yi noma?"

Fataken Larabawa da ke teburin ƙofa sun ajiye cokula suna kallo, wani yana fassara wa wani. Liman Alhasan ya ɗaga hannun rigarsa da ya jiƙe, ya shinshina, ya ɗan lasa.

"Kuka ce, Hajja," in ji shi a hankali.

Hannatu ta dube shi. Ta dangwala yatsa cikin abin da ya zube kan tebur ta kai baki. Kuka ce, har da sukari.

Da wata macen ce, nan za ta ja tobi ta rufe fuska ta fice. Hannatu kuwa tunda ta riga ta jiƙe, sai ta ga gara ta yi wankan gaba ɗaya. Ta miƙa hannu cikin farantin mijinta ta gutsuri kifi, ta tauna, ta tauna.

"Wanga ne? Saboda wanga kake dawo mini da tuwo? Ba yaji, man ya kwana biyu a kasko, cikin ma bai soyu ba. Gaya mini gaban Liman, mi ya fi nawa?"

"Bai fi ba," in ji Malam Jibirin, idonsa a ƙasa. "Ko kusa."

"To?"

Malam Jibirin ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Nan ana tambayata, Hajja. Shekara talatin da bakwai tuwo miyar kuɓewa. A garin ga ba wadda ta kai ki, kowa ya sani. Amma ko Aljanna an ce kayan marmari iri-iri ne."

"Haka ya zo," in ji Liman, yana matse rigarsa.

Abdulmuttalib ya ga fushin matan Turawa iri-iri a otal, ya kuma san maganinsa. Ya jawo kujera, ya goge ta da tawul sau biyu, ya rusuna.

"Itfaddali, Hajja. Zauna. Mi za ki ci?"

Hannatu ta buɗe baki za ta wanke shi, sai tambayar ta tsayar da ita. Ta lalubi ranar ƙarshe da wani ya yi mata wannan tambaya, ta tarar tun uwarta na da rai ne, tana yarinya tana zazzaɓi. Tun daga nan abincinta shi ne ƙanzon tukunya, a tsugune bakin murhu, bayan kowa ya ci. Sai kawai ta ji ta zauna.

Zamanta ke da wuya mazan nan uku suka tuna suna da sauran ciniki, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Muhsina ta fito daga cikin gawayi ta maye kujerar mijinta.

Hannatu ta ce agashe. Aka kawo, da zoɓo mai sanyi cikin kofi mai ƙafa ɗaya. Naman ƙulinsa bai ji ba, ta kuma faɗa masa. Amma da yaji ya kama mata harshe ta kurɓi zoɓon, sai ta ji tsaminsa ya share yajin ya bar daɗin naman, har ta sake gwadawa don ta tabbata. Ba wanda ya ce ta miƙo ruwa, ba wanda ya kira ta daga ɗaki. Da suka gama ta fara tattara faranti tana neman inda ake wanke-wanke, sai da Abdulmuttalib ya roƙe ta da girman Allah ta ajiye.

Kafin Magariba labari ya gama Hillar Garba, don Muhsina ba ta ko shiga gida ba, daga raksha bakin rijiya ta zarce. Yanzu abin faɗi ya zama biyu: tuwon Hannatu yana dawowa, kuma ta tsufa har ba ta bambance nono da kuka. Wata amarya da ko talge ba ta iya ba ta tambaye ta ko idonta ne ke ciwo.

Washegari ba kwanon Hannatu a gindin dalbejiya. Malam Jibirin ya shigo yana tambaya, ta ce ai gari ya ce hannunta ya mutu, to tana yi masa takaba. Ya koma ya sa hannu cikin tuwon Muhsina. Jibi ma haka.

Ita kuwa ta shiga gari gida-gida. Ba ƙawayenta ta nema ba, zaɓe ta yi. Ta fara da Iya Widad, uwar matar Liman, mai shekara kusan casa'in da haƙori ɗaya. Ta je wurin uwar Muhsina. Ta bi duk dattijon da aka ce yana zuwa mat'am, ta nemo wadda ta haifi matarsa, in ta mutu ta nemo ƙanwarta. Nata mijin kuwa, da yake uwarta ta rasu, sai ta aika ƙetaren kogi aka zo da Gwaggo Hasina, wadda ita ta wanke ta ranar aure, wadda har yau in Malam Jibirin ya hango ta sai ya cire takalmi.

Ran kasuwa, tun maza ba su gama cinikin albasa ba, raksha uku suka sauke tsofaffi a ƙofar Abdulmuttalib. Ba su nemi lungun mata ba. Teburan gaba suka cika, suna fuskantar titi.

Liman Alhasan ne ya fara isowa. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya yi ido huɗu da Iya Widad riƙe da kofi mai ƙafa ɗaya.

"Alhasan, kai ne? Shigo mana. Yaron ga ya ce in na ci hanta sai in sha tsamiya."

Liman ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya ce dama wucewa yake. Ya fita da baya. Sa'id ya zo, ya ga uwar matarsa, ya durƙusa, ya fita da baya. Malam Jibirin tun daga nesa ya hango Gwaggo Hasina, ya tuɓe takalmi a tsakiyar titi cikin rana, ya yi gaisuwa daga can, ya juya yana ɗingisa kan yashi mai zafi. Kun dai sani, namiji ba ya cin abinci gaban surukarsa ko yunwa za ta kashe shi. Suka ce to su je wurin mai wake a tsallake, sai suka ga daga teburan gaba ana hango layin gaba ɗaya, Iya Widad ma har tana ɗaga musu hannu.

Haka suka koma gida ciki na kuka, suka shimfiɗa tabarmi suka zauna jira. Da yake mata sun riga sun ji inda ake cin abinci ran kasuwa, abin da ya fito ranar, taliya ce daga gidajen amare biyu, sai tuwon Muhsina na jiya da ta ɗumama.

Kasuwa ta sake zagayowa, tsofaffi suka sake cika raksha, wannan karon ba sai an kira su ba. Iya Widad har ta fara gardama da Abdulmuttalib, wai Turawansa ba su san komai ba, kifi da tsamiya ya fi dacewa, kuma ta girmi dokarsa. Kwana goma sha huɗu kenan Malam Jibirin bai ga tuwon gidansa ba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Rana ta goma sha biyar Muhsina ta leƙo ta katanga ta ce dattawa sun yi shawara bayan Azahar, suna nan tafe. Hannatu ta ce to. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta jefa daddawa cikin mai, ta buɗe ƙofar gida wangale, ta ɗauko kujera ta zauna tana kaɗa kuɓewa.

Suka yi sallama. Liman a gaba, Sa'id a tsakiya, mai gidan kansa a baya kamar baƙo. Aka ba su tabarma a inda iska ke kai hayaƙi.

Liman ya fara da haƙuri, ya bi ta kan zumunci, ya gangaro kan ladan mai ciyarwa. Sau biyu yana rasa inda ya tsaya saboda ƙamshi. Daga ƙarshe ya ce, "Hajja, a taƙaice, a dawo da kwano. A kuma janye mana iyayenmu daga kasuwa."

"Iya Widad ta fi ƙarfina yanzu, Liman, sai dai ka gaya mata da kanka. Sauran zan yi musu magana." Ta ɗaga murfi ta juya miya, ta bar shi a buɗe. "Kwano kuwa za shi fito. Amma duk wanda ya ci a kasuwa, kada ya zo ya zauna yana dangwala mini tuwo don kunya. Ya faɗa tun da safe in rage gari."

"An yarda," in ji Sa'id da sauri.

"Malam kuma ya ce tambaya yake so. To kullum da safe zan tambaye shi mi ransa yake so. Ya dubi sama, ya shafa gemu, ya faɗa. Sannan in yi tuwo."

Malam Jibirin ya buɗe baki, Liman ya taka masa ƙafa.

"Saura ɗaya," in ji Hannatu. "Kowane wata sau ɗaya Malam za shi kai ni mat'am. Ni da shi, tebur ɗaya. In zauna a kawo mini."

"Tebur ɗaya? Cikin kasuwa? Hajja, ko a gida yaushe muka taɓa ci tare?"

"Shi ya sa."

"To a lungun mata."

"Wurin gawayi? Teburin ƙofa, inda iska take."

Malam Jibirin ya juya wurin Liman kamar mai nutsewa ya ga kwalekwale. "Allah shi gafarta Malam, gaya mata. Mutum da iyalinsa, bainar jama'a, hannu cikin faranti ɗaya. Ai wanga bai halatta ba."

Liman Alhasan ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya rufe ido yana bin littattafai a kansa. Daidai nan Hannatu ta zuba kuɓewa, miya ta yi wani irin tsalle a tukunya, iska ta kwaso ta kai tabarma. Maƙogwaron Liman ya hau ya sauka.

"Na duba," in ji shi. "Ban ga inda aka hana ba. Hasali ma akwai lada."

"Yaushe ka duba? Ko minti ba a yi ba."

"Malam Jibirin, ilmi ba a auna shi da agogo." Ya buɗe ido ya dubi tukunya. "Hajja, tuwon sai an jira La'asar, ko ana iya samun ɗan na gaba?"